Ranar da Angona Ya Gaishe Ni da Ladabi

Daga gida, ranar Talata

Zuwa ga angona da ya gudu ya bar ni,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi shiri da matakala. Uwarka lafiya lau, tana gaishe ka. Kawunka ma yana gaisuwa. Ya ƙara tumbi, amma ya ce tela ne ya rage masa riga.

Bayan haka, yau wata guda ke nan ba mu ji ɗuriyarka ba. Uwarka ta ce babu waya a tsakiyar ruwa, sai dai a rubuta a kai ofishin kamfanin, su ba ƙaramin jirgin da ke kai muku mai da abinci. To ga shi na rubuta da hannuna. Aji huɗu na yi, ka yi haƙuri da layukan da ke gangarawa.

Ni fa har yanzu ban gane karatun nan naka ba. Digiri na ɗaya na yi guɗa. Na biyu na yi shiru. Na uku kuma aka ce sai ka hau jirgin masu kamun kifi wata huɗu kana auna kifi ɗaya bayan ɗaya. Ni da na yi shekara talatin ina sayar da kifi a bakin kasuwa, ko takardar shaida ba wanda ya ba ni. Da ka tambaye ni ai da na hutar da kai: kifi ya ƙanƙance. Wanda nake ɗagawa da hannu biyu sa'ad da uwarka ke goye, yanzu tafin hannu ɗaya ya ishe shi. Ka rubuta wannan ka kai wa malamarka, mu raba digirin.

Amma ka bar wasa. Maƙwabcinmu direba ya ce ya taɓa ganin teku, wai ba a hango ƙarshensa. Tun da ya faɗa nake tunaninka. Kai da ko wanka a baho sai na danne ka kana ihu. Ka iya iyo kuwa? Wannan za ka fara amsa mini.

Matarka ta fari, wadda ba ka taɓa saya wa ko ɗankwali ba,
Kaka


Daga cikin jirgi, ranar Lahadi

Amaryata mai sanda,

Takardarki ta iso. Sai da na karkata wuya kafin na iya bin layukan. Lafiyata ƙalau, amai ya tsaya tun mako na biyu. Ki gai da Umma da Kawu. Ki ba gwiwa haƙuri, kayan da take ɗauka ne suka yi mata yawa. Iyo kuwa na iya, kaɗan. Kar ki karanta wa Umma kalmar ƙarshen nan.

Ga aikina, tunda kina son rabin digiri. Duk tarun da aka jawo, nakan ɗebi kwando uku, in auna tsawon kifi a kan allo, in ɗora a sikeli, in rubuta abin da aka kai ɗakin sanyi da abin da aka watsar. Da wannan za mu gano jirage nawa ya kamata hukuma ta ba izinin kamu, da watannin da za a bar ruwa ya huta, don masu ƙananan kwale-kwale su ma su sami abin kaiwa kasuwa. Abin da kika faɗa a layi biyu, shi nake wahalar tabbatarwa a shafi ɗari uku.

Kaka, daga nan ki karanta ke kaɗai.

Doka ta ce idon taru sai ya yi faɗin da 'ya'yan kifi za su zurare su tafi. Tarun jirgin nan daga waje daidai yake. Amma sun ɗinka wani a cikinsa mai ƙananan ido kamar gidan sauro. Abin da ake kwashewa da shebur a mayar ruwa a mace ya fi abin da ake ajiyewa. Na rubuta yadda na gani. Kyaftin ya duba littafina, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗan makaranta, bironka yana da nauyi." Washegari aka tsinci kwamfutata a bokitin ruwan gishiri. Wai girgizar jirgi ce ta buɗe ƙofar ɗakina ta kai ta can.

Don haka na kwafe awon da hannu. Shafi goma sha takwas ne a ambulan ɗin nan. Kukun jirgi mutumin kirki ne, ƙanensa yana aiki a jirgin kawo kaya, shi zai jefa a gidan waya ba tare da ta bi ta kamfani ba. Ban aika jami'a ba, don in malamata ta gani za ta ta da magana alhali ina hannunsu a tsakiyar ruwa. Ki ɓoye su. Kar ki nuna wa kowa har sai ƙafata ta taka ƙasa.

Na san bakinki, tsohuwa. Amma ki gwada.

Angonki mara ko sisi


Daga gida, ranar Alhamis

Ango mara kunya,

Muna lafiya, muna fatan kai ma haka. Gwiwa ta ji saƙonka, ta ce Allah ya isa. Uwarka ta yi mura ta warke.

Kayanka suna ƙarƙashin katifata, ta wajen kai. Wai ka san bakina! To ka ji yadda na riƙe amana, ka ji kunya.

Shekaranjiya da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani mutum ya fito, da kwat da takalmi mai ƙyalli, ya shigo da sallama, ya ajiye mini ganyen shayi da madara da sukari. Ya ce daga kamfaninku yake, aikinsa zagayawa yana duba iyalan waɗanda ke ruwa. Uwarka tana wajen aiki, ni kaɗai ya tarar. Yaro mai tarbiyya, "Mama" yake ce mini, ba irinka ba.

Muna cikin hira sai ya ce, "Mama, jikan nan naki ai ba ya tuna gida. Kowa yana aiko takarda ban da shi."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ai ta hannuna suke bi. Ban ga tasa ko ɗaya ba. 'Yan boko ke nan, da sun yi nisa sai su manta da tsofaffi."

Ni kuwa raina ya sosu. Na ce, "Kai, tsaya. Angona ne zai manta da ni? Ya rubuto, har da shafi goma sha takwas na lissafin kifi, da hannunsa! Yana da mutanensa, har a kicin ɗin jirgi." Na ba shi labarin yadda ka haddace lissafin sau tara kana ɗan shekara biyar, na ɗan ƙara gishiri.

Ya ce, "Ikon Allah. Mama, ɗauko in ga rubutun nasa mana."

A nan na nuna masa ko ni wace ce. Na ce, "A'a. Ango ya ce kar in nuna wa kowa." Ya roƙa sau uku, sau uku ina hana shi. Ka gani? Ko kusurwar takarda bai gani ba.

Sai dai yanzu da nake rubutawa na tuna bai sha shayin da na haɗa masa ba. Kuma da zai fita ya daɗe yana kallon labulen ɗakina. Ango, ban yi ɓarna ba dai ko? Ka amsa da wuri.

Kaka


Daga cikin jirgi

Zuwa ga Kakata mai daraja,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da neman albarka, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ina miƙa gaisuwata ga mahaifiyata da kawuna.

Ina sanar da ke cewa ina lafiya. Kyaftin yana kula da ni kamar ɗansa. An ƙara wa tafiyarmu wata biyu saboda kamu yana kyau. Kukun da muke da shi ya bar aiki.

Takardun da na aiko a baya akwai kuskure a cikinsu, domin sikelin ya lalace. Ina roƙonki da girman Allah ki miƙa su ga wakilin kamfani idan ya zo.

Ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Jikanki mai biyayya


Daga gida, ranar Laraba

Ango,

Wannan ba zan kai ofishin kamfani ba. Zan ajiye ta har in ba ka hannu da hannu. Ina rubutawa ne don in ban rubuta ba zan yi ihu.

Mako biyar muna jira, sai ga takardarka ran Asabar. Kawunka ya karanta a falo da ƙarfi. Ya ce, "Alhamdulillahi, teku ta koya wa yaro hankali." Uwarka har da hawayen daɗi, wai ji yadda ya girmama ki. Ni kuwa tun daga layin farko na gane.

Na ce, "Ba lafiya."

Kawunka ya ce, "Inna, ga shi ya rubuta yana lafiya."

Na ce, "Tun da yaron nan ya iya magana, yaushe ya taɓa ce mini mai daraja? Ran da aka yi mini aikin ido, me ya ce da ya shigo asibiti? Cewa ya yi yanzu zan ga munina da kyau. Wannan takarda akwai mutum tsaye a kansa yana rubuta ta."

Suka ce tsufa ne. Sai na faɗa musu abin da bakina ya yi. Uwarka ta tashi ta shige ɗaki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran Litinin mai farar mota ya dawo karɓar takardu. Na ga hannuna yana rawa, sai na bar shi ya yi ta rawa, na ƙara masa da kai. Na zama kurma. Ya ce takardu, na ce wa ya rasu? Na buɗe masa akwatin tsofaffin zannuwa, na ba shi tarihin kowane ɗaya, da wadda ta ara ba ta mayar da wuri ba. Awa biyu. Gumi ya jiƙa masa kwat. Daga ƙarshe na ce na ba ƙanwata ajiya, ya dawo ran Alhamis. Ƙanwata kuwa shekararta tara a kabari, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa yi mini amfani irin na ranar ba.

Jiya na saɓa maka. Na ɗaure takardun a cikina, na sa maƙwabcinmu direba ya kai ni jami'arku. Ofishin malamarka yana hawa na huɗu, na'urar hawa ta lalace. Na hau, ina zama a kowane hawa, ɗalibai suna tsallake ni. Ɗakin nata ƙarami ne, takardu har kan kujera, ga kifaye a kwalabe jere a kan wata kanta suna kallon mutum. Ita kuma 'yar siririya da tabarau, na ɗauka sakatariya ce.

Ta karanta a tsaye. A shafi na uku ta zauna. Ta karanta takardarka mai ladabi, ta ce, "Mama, kin tabbata ba haka yake rubutu ba?" Na miƙa mata ta farkon. Ta ga "amaryata mai sanda", ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta ce, "Shekara uku da suka wuce wani mai awo irinsa ya ɓace a wani jirgi. Aka ce santsi ya ɗebe shi."

Na ce, "To in mayar musu da takardun su sake shi?"

Ta ce, "In kin mayar, shi kaɗai ya rage da ya gani. Abin da zai tsare shi yanzu, su san mutane da yawa sun gani."

A gabana ta buga kwafi, ta yi waya hukumar kula da kamun kifi, ta yi waya kamfanin, ta ce musu jami'a tana son ɗalibinta a ƙasa, da ƙafafunsa. Muryarta ba ta yi rawa ba. Da ta ajiye wayar na ga ta kasa rufe murfin biro.

Ka ce kar in ta da magana kana hannunsu. Na tayar. Ban san ko na cece ka ko na ƙarasa ka ba.

Kaka


Daga gida, ranar Juma'a

Ango,

Kwana tara ke nan da waccan wasiƙar. Mai farar mota bai dawo ba.

Na sake hawa benen nan. Malamarka ta nuna mini allon kwamfuta, shuɗi duka, da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ta ce kowane ɗigo jirgi ne. Na ce ina naka? Ta sa yatsa a wani wuri da babu komai. Ta ce sun kashe na'urar da ke nuna inda suke tun ranar da ta yi waya. Jirgin sintiri ya fita nema, amma ruwan da faɗi.

Na ce mata, "Ya iya iyo." Ban faɗi sauran ba.

Uwarka tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ta juya. Jiya na bi ta kasuwa, tsohuwar abokiyar sana'ata ta kira ni in ga kaya. Na leƙa tire, kifayen ƙanana ne duka, idanu a buɗe. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Suka yi ta yi mini fifita suna cewa hawan jini ne.

Duk wanda ya tambaye ni labarinka yanzu, cewa nake ban sani ba. Ka ga na koya. Na koya a makare.

Kaka


Daga masaukin baƙi na tashar jiragen ruwa, ranar Litinin

Tsohuwa mai bakin tsiya,

Ina raye, ƙafata a ƙasa, ko da yake ƙasar tana yi mini lilo har yanzu. Na rame, ban da haka lafiya. Umma ta gaya miki na yi waya. Na ce kar a ba ki wayar, ba don kurumtarki ta ƙarya ba, don abin da zan faɗa ba na iya faɗa da baki. Malamata ta zo, ta kawo mini wasiƙunki biyu da kika aika mata. Hukuma ta riƙe ni nan mako biyu ina ba da shaida.

Bayan zuwan mutumin nan gidanmu, aka sauke kuku a jirgin kawo kaya, ko jakarsa ba a bar shi ya haɗa ba. Rigar ceto da ke rataye a ɗakina ta ɓace. Aka mayar da teburin awona can bayan jirgi, inda taru ke sauka, wurin da babu ƙarfen dafawa, ƙasa duk santsi. Kullum da rana tsaka wani ƙato yakan zo ya tsaya a bayana yana shan taba. Ina auna kifi ina jin numfashinsa. Kwana goma sha tara haka.

Ranar da malamata ta yi waya, kyaftin ya kira ni ya ce, "Kakarka tana da ƙafa." Daga ranar ƙaton bai sake zuwa ba, amma suka kashe na'ura suka nausa cikin teku. Kuku ne ya je hukuma da kansa ya nuna musu inda jirgin ke ɓuya. Da jirgin sintiri ya iso suna cikin yanke tarun ciki, rabinsa bai kai ga nitsewa ba.

Ga abin da ban gaya wa Umma ba. Kafin wayar, kyaftin ya ajiye takarda a gabana, ƙaton yana bakin ƙofa. An rubuta cewa tarun daidai yake, awona ƙarya ne, kuma kuku ne ya zuga ni don yana da ƙulli da kamfani. Kaka, na sa hannu. Ba wanda ya taɓa ni. Biro kawai aka miƙo, na karɓa. Har kwanan wata na rubuta musu da kyau.

Malamata ta ce takardar ba za ta yi aiki ba, an san yadda aka same ta. Amma kuku ya gan ta. Jiya ya zo masaukin nan, ya kawo mini burodi, ya ce in ci na rame. Mutumin da ya rasa aikinsa saboda ni. Na kasa ɗaga kai.

Wane littafi zan rubuta a kan gaskiyar awo da hannun nan? Ina tunanin ajiye karatun.

Angonki


Daga gida, ranar Alhamis

Angona,

Muna lafiya. Uwarka ta fara yi mini magana, jiya har ta ce in rage gishiri. Kawunka yana ta gaya wa mutane wai shi ya fara gane takardar nan ba lafiya ba.

Na karanta taka sau huɗu. To saurara.

Ni ba wanda ya tsaya a bayana. Ba santsi, ba teku. Ina zaune a kujerata, da madara da sukari aka saye ni, na sayar da kai da kuku a zama ɗaya. Kai kuwa kwana goma sha tara ka yi kafin ka karɓi biro. In za a jera masu jin kunya, ka bi bayana, layin da tsawo.

Karatu ba za ka ajiye ba. Hawa huɗu na hau sau biyu da gwiwar nan, ba don ka zo ka zauna mini a falo kana tsaki ba. Ka rubuta abin da ka auna, ka rubuta har da takardar da ka sa wa hannu, don na bayanka ya san yadda ake yi.

Amma kafin komai, ka tashi ka je wurin kuku. Ka ɗaga kai ka dube shi. Ka roƙe shi gafara sau biyu, ɗaya taka, ɗaya tawa. Ka ce masa akwai wata tsohuwa da ba za ta sami sukuni ba sai ya zo ya zauna ta dafa masa, ya ci, ya kushe.

Sa'an nan ka taho gida. Da sun kawo takarda ɗari, da na ce ka sa hannu a ɗari. Ita takarda ana yaga ta. Hannun nan da kake ƙi, yana manne da mutum mai numfashi, ni kuwa shi na roƙa.

Ka kawo mini shi in riƙe.

Kaka